Matakan Koyon Haruffan Rashanci Kafin Tafiya Karatu a Mosko

Ɗalibin da zai je Cibiyar Pushkin da ke Mosko domin koyon Rashanci a hutun bazara, ya kamata ya san haruffa 33 na harshen tun yana gida.

Da farko, ka ware waɗanda suka yi daidai da na boko, wato А, К, М, О da Т. Sannan ka daɗe a kan masu yaudarar ido, domin nan ne gizo ke saƙar: Р ana furta shi "r", Н kuma "n", С kuwa "s". Bayan haka, ka riƙa rubuta sauran da hannu kullum, har ka saba da rubutun haɗe da malamai ke yi a allo. Daga ƙarshe, ka gwada karanta sunayen tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa a bayyane, kamar Арбатская.