Yadda nake haɗa mataimakin AI da allon tsara aiki

Na gaji da kwafe ayyuka daga hira ina liƙa su a allon aiki ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na haɗa su.

Gadar da ke tsakaninsu ita ce MCP, ƙa'idar da Anthropic ta fitar a Nuwamba 2024 don mataimakin AI ya iya aiki da manhajojin waje. Shiga saitin mataimakin, nemo wajen haɗa manhajoji, zaɓi manhajar allon aikinka, Asana ce ko Notion. Za a kai ka shafin shiga, a nemi izininka.

A nan nake so ka nutsu. In akwai zaɓi, fara da izinin karantawa kawai. Ni tun ranar farko na sakar masa gyara, na ce ya kawar da tsofaffin ayyuka, sai ya rufe katin aiki uku da ba a kammala ba, har da na biyan albashi. Ban fayyace masa me nake nufi da tsoho ba. Yanzu ba ya taɓa komai sai na amince.

Gwada shi a allon gwaji tukuna: ce masa ya lissafo ayyukan wannan mako, ka duba da idonka. In mabuɗin API aka ba ka, wato lambar sirri da ke ba mataimakin damar shiga manhajar, a saiti ake sa shi, ba cikin hira ba.