Idan sauti ya ɗauke a Linux mai tebur ɗin Xfce ko MATE

'Yan uwa, kafin ku ɗora wa lasifika laifi, ku buɗe tamina, wato tagar rubuta umarni, ku rubuta alsamixer, za ta nuna muku sandunan ƙarfin sauti. Duk sandar da kuka ga MM a ƙasanta, a kashe take. Ku matsa kanta da kibiya, ku danna M, za ta koma OO. Kibiyar sama ce ke ƙara ƙarfi. In katin sauti ya fi ɗaya, F6 za ta jero muku su.

Maɓallan sautin kibod kuwa wani lokaci sukan yi gardama. A saitin kibod, ku ɗaura musu umarnin amixer set Master 5%+ na ƙara sauti da amixer set Master 5%- na ragewa, shi ke nan.

Pavucontrol, wani shirin saita sauti, yana bari a wuce 100%, amma ni ba na so, muryar fashewa take yi.