Yadda za ka karanta tsohuwar taswirar gaɓar tekun Neja Delta

Ni ɗan Yawuri ne, kuma abin da ya ja ni ga tsoffin taswirori shi ne Kainji, tun da aka gama dam ɗin a 1968 ruwa ya haɗiye garuruwa da gonaki, yanzu sai a takarda kaɗai za ka ga inda suke. Daga nan na koma kallon na kudu, wajen Bonny da Brass da Forcados inda daji ke tsaye cikin ruwan gishiri.

To in irin wannan taswira ta shigo hannunka kar ka yi saurin faɗawa tsakiya. Fara da gefe, can ƙasa inda aka yi ƙananan rubutu. Nemi shekarar da jirgin sama ya ɗau hoton wurin, don ita ce shekarar gaskiya, shekarar bugawa kan zo daga baya, wani lokacin da nisa ma. Sai sikeli, in ka ga 1:50,000 to santimita 2 a takarda kilomita 1 ce a ƙasa.

Layukan nan ruwan ƙasa masu zagaye su ke nuna tudu da kwari, amma fa a tsoffin da ƙafa aka auna tsayi ba da mita ba, ƙafa 50 wajen mita 15 kenan. A bakin teku ma da wuya ka gansu saboda ƙasar shimfiɗe take, don haka ka maida hankali kan alamar dajin mangurof, wato wancan mai tsayuwa cikin ruwan gishiri, da fadama da ƙananan rafuka, kuma ka duba jadawalin alamomi na takardar kanta kar ka yi hasashe.

Sannan ka buɗe Google Earth, manhajar da ke nuna hoton ƙasa daga sama, ka jera hoton da taswirar. Nan ne mutane ke kuskure wallahi, suna kama bakin ruwa a matsayin alama alhali shi ne ya fi komai matsawa, yashi na tafiya, kogi na canza baki. Kama abin da ba ya motsi, mahaɗar hanya ko tsohon coci ko gada. In ka ga lambobin da ke nuna matsayin wuri sun ɗan kauce da na wayarka kar ka ce taswirar ce ta lalace, tamu an ɗora ta kan ma'aunin Minna, GPS na waya kuma wani ma'aunin daban, WGS84, yake bi.

Ana neman waɗannan taswirori a ofishin Babban Safiyo na Tarayya a Abuja. In ta takarda ce ka samu don Allah kar ka ninke ta, naɗe ta za ka yi, ka ɗau hotonta tun yau kafin damina da gara su riga ka.