Ɗaga ƙarfe da sinadarin leftin: kurakuran da ke mayar da mutane baya

A wurin ɗaga ƙarfe sau da yawa za ka ji wani yana neman hanyar da zai "ƙara leftin" don yunwa ta sake shi. Wannan kuskure shi ne uwar sauran. Leftin sinadari ne da ƙwayoyin kitse ke zubawa cikin jini, ya tafi ƙwaƙwalwa ya kai rahoton yawan ajiyar da jiki ke da ita. Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano shi a Jami'ar Rockefeller da ke New York a 1994. Tun da kitse ne ke samar da shi, mai teɓa ya fi siriri leftin nesa ba kusa ba. Saƙon yana isa, ƙwaƙwalwar ce ta rage saurarensa. Don haka in ka yi wata huɗu kana ɗaga ƙarfe har kitse ya zube, leftin ɗinka sauka zai yi, kuma daidai ke nan.

Daga nan sai ƙwayoyin da ake tallatawa a intanet da sunan leftin. Furotin ne shi, in ka haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar tsokar nama. Ko allurarsa da aka gwada a kan masu ƙiba a Amurka, sakamakon da ya fito a 1999 bai taka kara ya karya ba ga akasarinsu. Inda ta yi aiki sosai shi ne kan yaran da aka haifa jikinsu ba ya yin leftin ko kaɗan, irin waɗanda Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi suka gano a Cambridge ta Ingila a 1997, kuma irinsu 'yan ƙalilan ne a duniya. Kuɗin ƙwayar nan gara ya tafi kan ƙwai da wake.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne haɗa horo mai tsanani da yanke abinci lokaci guda. Mutum ya bar tuwo, ya bar shinkafa, ya koma shayi ba madara, kuma kullum yana ƙarƙashin ƙarfe. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu leftin ya faɗi, tun kitsen bai motsa ba, domin yana bin abin da ke shiga ciki ma. Ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka fari aka shiga. Ta hura wutar yunwa, ta rage ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kasala da jin sanyi su biyo baya. Rudolph Leibel da Michael Rosenbaum na Jami'ar Columbia sun nuna cewa wanda ya zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa yana ƙona ƙarfi ƙasa da yadda girman jikinsa ya kamata ya ƙona, kuma da aka mayar masa da leftin matakinsa na dā, yawancin wannan ja-baya ya gyaru. Shi ya sa mutum ke yin sati shida cikin wahala, sannan ya faɗa wa abinci, ya dawo da kitsen bayan ya yi asarar tsoka.

Gyaran shi ne a sassauta. Rage abinci kaɗan yadda nauyi zai riƙa sauka kamar rabin kilo a mako. Ka ci furotin wajen giram 1.6 ga kowane kilo na nauyinka: mai kilo 70 yana buƙatar kimanin giram 112 a rana, ƙwai ɗaya kuma yana da wajen giram 6, sai a cike da kifi, nama, awara, wake da nono. Ɗaga ƙarfen kuwa aƙalla kwana biyu a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara. Amfaninsa shi ne ya riƙe maka tsoka yayin da kitse ke tafiya. Sikeli ba ya bambance su, don haka ka riƙa auna ƙugunka da tef ɗin tela duk sati biyu.

Ke kuma 'yar'uwa, leftin ɗin mace ya fi na namiji ko da nauyinsu ɗaya, haka halitta take. In kina horo kina rage ci har al'ada ta ɗauke wata uku, kuma ba ciki ba ne, jiki ne ke cewa ajiya ta yi ƙasa. Ki ƙara abinci, ki rage horo, ki ga likita, domin ƙashi na yin rauni a wannan hali.

Akwai kuma masu horo da yamma su raba dare a kan waya. A Jami'ar Chicago a 2004, samarin da aka bari barcin awa 4 kawai dare biyu, leftin ɗinsu ya sauka da kashi 18, girelin mai tayar da yunwa ya hau da kashi 28, idan aka kwatanta da lokacin da suka samu isasshen barci. Ka nemi awa 7 ko fiye, ka ajiye wayar nesa da shimfiɗa.