Yadda ake rainon tsiron nan mai cin ƙwari

Dionaea muscipula, tsiron da ganyensa ke rufewa ya kama ƙuda, wuri ɗaya tak yake fitowa da kansa a duniya: fadamun gaɓar teku na jihohin Carolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka, kewayen birnin Wilmington. Ƙasar wurin yashi ce mai tsami, ba ta da abincin tsiro, shi ya sa ya koma farautar ƙwari. Yawancin waɗanda ke mutuwa a hannun mutane, gata ne ya yi musu yawa.

Kada ka sa masa taki, ko ƙyas. Ƙasar lambu ma ba ta yi. Ni gansakukar sphagnum nake haɗawa da wankakken yashi, rabi da rabi, a tukunyar roba mai huji a gindi. Ruwa kuwa na sama, ko tataccen da aka cire wa ma'adinai, domin gishirin ruwan famfo yana taruwa ya ƙone saiwar a hankali. Ka ɗora tukunyar a faranti mai ɗan ruwa don kada ƙasar ta bushe, ka ajiye ta inda rana za ta same ta awa shida. In hasken ya ishe shi, cikin tarkon kan yi jajir.

Leƙa ciki da kyau, za ka ga 'yan gashi, galibi uku a kowane gefe. Taɓawa ɗaya ba ta sa ya motsa. Sai an sake taɓawa cikin kimanin daƙiƙa 20 yake rufewa farat ɗaya. Kowane tarko 'yan lokuta kaɗan yake rufewa kafin ya yi baƙi ya mutu, don haka ka hana yara tsokanarsa da tsinke. Manya ma, a gaskiya, sai an hana su. Kada ka ba shi nama, ruɓar da tarkon yake yi. In a waje yake, zai ciyar da kansa.

Da hunturu yana buƙatar hutun wata uku zuwa huɗu cikin sanyi. Zai yamutse kamar ya mutu, kada ka zubar. Inda ba a sanyi sosai, wasu a firji suke ajiye shi.

Furensa fari ne, a kan doguwar sanda, can nesa da tarkunan. In tsiron ƙarami ne, ina ganin gara ka yanke sandar da wuri, don tana cinye masa ƙarfi.

Ka saya wurin masu renonsa kawai. Tun 2014 tono shi daga daji ba izini babban laifi ne a Carolina ta Arewa.