Yadda Ake Lura da Ɓangaren Dama na Zuciya Bayan Buɗe Bawul da Balan-balan

Bawul ɗin mitiral ƙofa ce da ke tsakanin ɗakunan hagu biyu na zuciya, kuma a ƙasashenmu zazzaɓin rumatik, wanda yake biyo bayan ciwon makogwaro da ba a yi maganinsa ba tun ana yara, shi ne yake yawan tsuke ta. Faɗinta a lafiyayyen mutum santimita murabba'i 4 zuwa 6 ne, idan kuma ya sauko zuwa 1.5 ko ƙasa da haka, tsukewar ta yi tsanani. Jini sai ya taru a baya kamar yadda ruwan Binuwai yake taruwa a bayan madatsar Lagdo, ya cika jijiyoyin huhu, ɗakin dama na ƙasa kuwa, wanda yake tura jini zuwa huhu, ya riƙa turawa da ƙyar har ya faɗaɗa ya gaji.

Likitan Japan Kanji Inoue ne ya bayyana aikin balan-balan a 1984. Ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi, a huda bangon da ya raba ɗakunan sama, sannan a hura balan-balan a cikin ƙofar domin gefunan da suka manne su rabu. Sau da yawa faɗin yakan ninka, matsin jini a huhu ya fara sauka nan take, numfashi ya samu cikin kwanaki. Ɓangaren dama kuwa ba ya farfaɗowa da wannan sauri, domin jijiyoyin huhu da suka yi kauri suna buƙatar makonni ko watanni kafin su saki, wanda kuma ya daɗe da cutar yana iya zama da saura. A nan ne, a ganina, iyalai suke yin sake, musamman waɗanda suka dawo Garwa, Marwa ko Kuseri bayan doguwar tafiyar neman magani.

Kafin a bar asibiti, a karɓi takardar hoton zuciya na eko, wanda aka yi kafin aiki da na bayansa, a kuma roƙi likita ya nuna wurare uku: matsin jijiyar huhu, yoyon bawul ɗin dama da ake kira tirikusfid, da awon TAPSE, wanda yake nuna ƙarfin matsawar ɗakin dama. Idan awon nan ya gaza milimita 17, akwai rauni. Da waɗannan lambobi ne likitan gida zai gwada hoton da za a sake bayan wasu watanni.

A gida, a hau sikeli kowace safiya bayan fitsari, a rubuta nauyin a littafi. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, ba ƙiba ba. A danna ƙwauri da yatsa a ga ko rami zai zauna, a duba ko jijiyoyin wuya suna cika alhali mutum yana zaune, a kuma saurari kukan nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, inda hanta take kumbura. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka yanka ba.

A rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa, kada kuma a ajiye maganin fitsari sai da umarnin likita. Allurar fenisilin ta kowane mako 3 ko 4 tana nan daram, domin balan-balan bai kawar da rumatik ba, ƙofar kuma tana iya sake tsukewa. Mai bugun zuciya marar tsari da aka ɗora kan maganin tsinka jini na wafarin ya riƙa gwajin INR, wato awon tsinkewar jini, wanda ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3, ya kuma ci zogale da sauran ganye bisa ƙima ɗaya, ba yau da yawa gobe babu ba. Mace mai niyyar ɗaukar ciki ta fara sanar da likita, saboda wafarin yana iya cutar da ɗan tayi, ciki kuma yana ƙara wa zuciya jinin da za ta tura.