Babi na 7: Jimina da Danginta

Darasi na 1: Ƙashin ƙirji

'Yan uwa, daga kaza za mu fara. Ranar da aka yanka kaza a gida, in an gama ci, kada a yar da ƙashin ƙirjinta. Ku wanke shi, ku shafa da yatsa. Za ku ji wani tudu siriri ya miƙe a tsakiya kamar bakin wuƙa. A jikin tudun nan naman ƙirji yake kamawa, kuma naman ne ke kaɗa fukafukai.

Jimina ba ta da wannan tudu. Nata ƙashin shimfiɗaɗɗe ne kamar faranti. Fukafukai kam tana da su, manya ma, da gashinsu ake yin figinin da ake yi wa sarki fifita, amma babu inda naman tashi zai kama. Ga kuma nauyi: namiji kan kai kilo 130. Shi ya sa ba ta tashi.

Yanzu ku ɗauki fensir. Za mu rubuta ƙashi. A nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, don haka a hankali. Ku fara yin k yadda kuka saba. Kada ku ɗaga hannu tukuna. Ku koma saman doguwar sandar, ku lanƙwasa kanta zuwa dama kamar ƙugiya. Ya zama ƙ. In babu ƙugiyar, kun rubuta kashi, wata kalma ce dabam. Ku sake: k, sannan ƙugiya. Ku cika layi uku. In hannu ya yi rawa ba komai, haka kowa ya fara.

Darasi na 2: Ƙafa da ƙwai

Kun lura kalmomin nan biyu ma da ƙugiya suka fara? Ku rubuta su kafin mu ci gaba.

Kaza yatsu 4 gare ta a kowace ƙafa, jimina 2 kacal, kuma babu wani tsuntsu mai yatsu 2 sai ita. Da ƙafar nan take gudun kilomita 70 a awa ɗaya. Ƙwanta shi ne mafi girma a ƙwan tsuntsayen da ke raye, wajen kilo ɗaya da rabi, daidai da ƙwan kaza 24. Mace ke kwanci da rana, launinta ya saje da ƙasa, namiji mai baƙin gashi ya karɓa da dare, har kwana 42. Maganar da ake yi wai tana binne kai a rairayi ba gaskiya ba ce. A rami take ƙwai, sai ta sunkuya tana juya su da baki.

Na duba littattafan ajin bara. Bayan mako biyu ana nanatawa, na tarar da kafa da kwai shafi bayan shafi. Haba jama'a! Wanda ya iya ƙirga canji a kasuwa ba ya kuskure, ƙugiya ɗaya ce za ta gagare shi? Ba wuya ba ce, gaggawa ce. Ku goge, ku sake: k, sannan ƙugiya.

Darasi na 3: Dangi

Jimina 'yar Afirka ce. Mai jan wuya ta taɓa yawaita a dajin Nijar, farauta ta kusa ƙarar da ita, yanzu ana kiwonta a Kelle, jihar Damagaram, don a mayar da ita daji. Danginta masu shimfiɗaɗɗen ƙirji suna nesa: emu a Ostareliya, riya a Kudancin Amurka, kiwi a Niyu Zilan. Masana sun ce kakanninsu suna tashi, daga baya kowane reshe ya daina. A 2014 binciken ƙwayoyin gado ya nuna kiwi, wanda bai fi kaza girma ba, shi ne mafi kusanci da wani ƙaton tsuntsun Madagaska da ya ƙare a duniya.

Darasi na 4: Aiki

Ku rubuta ƙashi, ƙirji, ƙafa, ƙwai, sau 5 kowanne. Ku zo da ƙashin kazar ranar aji mai zuwa.